Kada Mu Zubar da Tsohon Iri

Bazara ta kawo jiki, an fara sharar gona, masu shanu sun fara kai taki. A irin wannan lokaci ne ƙungiyoyinmu na gama kai, daga Malumfashi zuwa Kafur, Bakori da Funtua, su kan zauna su lissafta abin da ke cikin asusu, su yanke shawarar irin da za a sayo a raba wa 'yan ƙungiya. Shawara ce ta yini ɗaya, amma ita za ta bi mu har kaka, wani lokaci ma har shekaru masu zuwa. Shi ya sa mu ke so mu faɗi ra'ayinmu tun ba a taɓa kuɗin ba.

Ga ra'ayin namu a taƙaice. Kada wata ƙungiya ta ɗora dukan gonakin geronta a kan iri guda ɗaya, kome kyansa. Kada kuma mu yar da irin da muka gada don sabo ya zo. Dalilinmu ya fito ne daga wuri mai nisa, watau ɗakunan binciken masana, inda a ke amfani da jinin zomo a gano abin da ke tsare hatsi daga cuta. Maganar za ta yi kamar ba ta shafe mu ba, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Cutar da mu ke magana a kanta

Duk wanda ya yi noman gero ko maiwa ya san ta. Tun shuka tana ƙarama sai ka ga ganye ya ɗashe, ya yi rawaya daga gindi zuwa sama. In ka je gona da sassafe bayan an kwana da laima, ka juya ganyen, za ka ga wani fari-fari a bayansa kamar an shafa gari. Waɗansu shuke-shuken su kan tsumbure su mutu. Waɗanda suka rayu kuwa, sa'ad da 'yan'uwansu ke fid da kai mai ƙwaya, su sai zangarniya ta fito da 'yan ganyaye kore a murɗe maimakon tsaba. Ita ce a wurare da yawa a ke kira kuturtar gero. Dabam ta ke da burtuntuna, wadda ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari.

Abin da ke kawo ta wata halitta ce mai kama da fumfuna, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana da iri biyu na ƙwai. Na fari mai kauri ne, ya kan zauna cikin ƙasa da ruɓaɓɓen kara shekaru da dama yana jiran shuka, ya kan kuma manne a jikin iri. Na biyu shi ne farin garin nan na bayan ganye, wanda ke fitowa da dare in akwai laima, iska da yayyafi su kai shi kan ƙananan shuke-shuken da ke kusa. Da zarar cutar ta kai tsakiyar shuka inda sabon ganye ke tsirowa, an gama, duk abin da ya fito daga nan da ita zai fito. Dawa da masara su ma suna da tasu mai kama da wannan, ko da ya ke ba halitta ɗaya ba ce. Ta masarar ta yi ɓarna ƙwarai a kudancin ƙasar nan tun daga tsakiyar shekarun 1970, har sai da masana na Ibadan suka fid da masara mai jure ta.

Amma ga abin lura. A gona ɗaya, a kunya ɗaya, wani lokaci ma a rami ɗaya, sai ka ga wannan ya kamu, na kusa da shi lafiya lau. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya. To, me ya raba su? Amsar wannan tambaya ce masana suka daɗe suna nema, dogaran jini kuwa suna cikin abubuwan da suka taimake su.

Dogaran jini

Idan baƙon abu ya shiga jikin mutum ko na dabba, ko ƙwayar cuta ko dafi, jiki ya kan ƙera waɗansu 'yan ƙananan abubuwa cikin jini waɗanda za su gane baƙon su kama shi. Masana suna ce da su antibodi, mu kuwa bari mu kira su dogaran jini. Abin mamaki game da su shi ne, kowane dogari fuska ɗaya ya sani. Wanda aka ƙera don ƙyanda ba ruwansa da sanƙarau. A shekarar 1890 ne likitoci biyu, Behring Bajamushe da Kitasato mutumin Japan, suka nuna cewa jinin dabbar da ta saba da dafin wata cuta yana iya tsare wata dabbar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Allurar da a ke yi wa wanda kububuwa ta sara dogaran jini ne da aka ɗebo daga doki ko tunkiya, bayan an saba musu da dafin kaɗan-kaɗan. Ɗan katakon gwajin zazzaɓin cizon sauro da a ke ɗiga wa jini a asibiti, in layi biyu sun fito a ce akwai cuta, dogaran jini ne aka shafa a kan layin. Har ma a nan ƙasar Malumfashi, a ƙarshen shekarun 1970, likitocin da suka yi binciken cututtukan yankin sun gwada jinin mutane suna neman dogaran dafin maciji, domin su san yawan waɗanda kububuwa ko gamsheƙa ta taɓa sara. Watau dattawanmu sun ba da jininsu ga irin wannan ilmi tun kafin a haifi yawancin 'yan ƙungiyoyinmu.

To, yaya a ke amfani da su wajen shuka? Shuka ba ta da jini, ba ta ƙera dogarai irin namu. Amma jikinta an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai kamar saƙar zuma, kowane da bangonsa. Cikin kowane ɗaki akwai ma'aikata iri-iri har dubbai, su ne a ke kira furotin. Waɗansu suna gini, waɗansu suna kai saƙo, waɗansu suna tsaro. Sun yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma duk kusan kamarsu ɗaya ko a madubin likita. In masani yana so ya san inda wani guda ɗaya ya ke zama, sai ya tace shi daga ganye, ya yi wa zomo allurarsa sau da dama cikin 'yan makonni. Jikin zomo zai ɗauke shi baƙo, ya ƙera masa dogarai. Sai a ɗebi jinin zomon kaɗan, a ware dogaran, a ɗaura musu alama, ko dai rini mai ƙyalli ko kuwa ƙurar zinariya. Sa'an nan a yanka ganye siriri fiye da fatar albasa, a zuba masa dogaran, a wanke. Duk inda furotin ɗin ya ke, nan dogarai za su maƙale, nan kuma alama za ta haska. Wani likita a Amurka mai suna Albert Coons shi ya fara wannan dabara ta rini mai ƙyalli a 1941. A 1975 kuma Köhler da Milstein a Ingila suka gano yadda za a riƙa ƙera dogari iri ɗaya tak, mai yawa, a ɗakin bincike.

Kamar dai mutum ne ya shiga kasuwar Funtua ran da ta cika yana neman wani wanda bai taɓa gani ba. In ya tafi shi kaɗai zai yini yana yawo. In kuwa ya tafi da wanda ya san fuskarsa, riƙe da fitila, nan da nan zai ga ko a bakin ƙofa ya ke, ko a 'yan hatsi, ko kuwa ma bai zo kasuwa ba.

Sha'irin Habasha

Labari na fari game da sha'ir ne, ɗan'uwan alkama. A ƙasashen Turai sha'ir da alkama suna fama da wata farar fumfuna mai rufe ganye kamar an barbaɗa toka. Mu ma mu kan ga irinta a ganyen kuɓewa da kabewa da rani. A shekarun 1937 da 1938 waɗansu Jamusawa suka je Habasha suka tattara sha'irin da manoman tsaunukan can ke shukawa. Daga baya aka lura cewa akwai waɗansu daga cikinsu da fumfunar ba ta iya shigarsu, kowace irinta kuwa. Aka yi ta barbarar su da sha'irin Turai, har aka fara sayar wa manoma iri mai wannan hali wajen 1979. Yau fiye da shekara 40 ke nan, cutar ba ta karya wannan tsaro ba, alhali kuwa sauran ire-iren tsaro da aka gwada 'yan shekaru kaɗan su kan yi cutar ta san kansu.

An daɗe ana morar abin ba a san dalilinsa ba. Sai a 1997 masana a birnin Norwich na Ingila, ƙarƙashin Paul Schulze-Lefert, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, wadda a ke kira MLO. Shekara biyu bayan haka, da taimakon dogaran jini, aka tabbatar cewa furotin ɗin da ta ke ƙerawa yana zaune ne a siririyar fatar da ke kewaye da kowane ɗaki, daf da bango, watau a bakin ƙofa. Daga baya kuma aka ga cewa da zarar fumfuna ta fara huda bango, sai shi ya taru daidai ƙarƙashin wurin.

Ga inda abin mamakin ya ke. Wannan mai zaman bakin ƙofa ba mai tsaro ba ne a wannan yaƙi. Fumfunar tana bukatarsa kafin ta shiga. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Sha'irin Habasha ya tsira ne domin ɗan garin nan ya yi ƙaranci ƙwarai a jikinsa. Sa'ad da fumfuna ta zo tana huda, sai ɗakin ya yi maza ya yaɓe wurin daga ciki da toshi mai kauri, ta rasa hanya ta mutu a waje. Da aka san haka, masana a ƙasar Sin suka cire irin wannan ɗan gari daga alkama a 2014, ita ma ta sami tsaro.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kada wani ya ɗauka an sami maganin kome. Farar fumfunar sha'ir dabam ce da kuturtar gero, ba ma danginsu ɗaya ba, saboda haka wannan dabara ba ita za ta tsare geronmu ba. Har wa yau tsaron yana da tsadarsa. Sha'irin da aka raba da ɗan garin nan ya kan yi tabo a ganye ko ba cuta, an kuma ga cewa wata cutar dabam ta fi kama shi. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne wannan: dukiyar da ta tsare gonakin Turai shekara 40, a rumbun talakawan Habasha aka samo ta. Da sun yar da irinsu kafin baƙin nan su zo, da babu ita.

Abin da ya sami Indiya

Labari na biyu na gero ne, ya kuma fi kusa da mu. A 1965 Indiya ta fara fid da geron aure, wanda ya fi na gargajiya yabanya nesa ba kusa ba. Manoma suka rungume shi. Amma kusan dukan ire-iren nan na fari uwarsu ɗaya ce, wadda aka kawo daga Amurka, ita kuwa ba ta jure kuturta. A 1971 cutar ta faɗa wa wanda aka fi shukawa, mai suna HB 3. Da ya ke kowace shuka a gona kamar 'yar'uwarta ta ke, gonar maƙwabci ma haka, babu abin da ya tare ta. Aka yi asarar hatsi mai yawan gaske. Aka fid da wani sabon iri, bayan 'yan shekaru shi ma ya faɗi, aka sake fid da wani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina suka nufa neman magani? Nan ƙasashenmu. Asalin gero a Afirka ta Yamma ya ke, an sami alamun nomansa a arewacin Mali tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Gero da kuturta sun daɗe suna kokawa a nan, saboda haka a nan ne ya fi koyon kare kansa. Cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972, ta gwada dubban ire-ire, ta kuwa sami masu jure cutar da dama cikin waɗanda aka tattara daga Nijeriya da Mali da maƙwabtansu. Wani gero na manoman arewacin Togo, mai suna Iniadi, shi ne tushen irin da aka fid wa manoman Indiya a 1988, da kuma Okashana wanda ya bazu a Namibiya.

A Jami'ar Mysore ta Indiya, masana ƙarƙashin Shekar Shetty sun yi shekaru suna duban abin da ke faruwa cikin tsiron gero sa'ad da kuturta ta taɓa shi, suna kuwa amfani da dogaran jini kamar yadda muka bayyana. Sun ga cewa akwai waɗansu furotin masu ƙarfafa bango, da waɗansu masu narkar da jikin cutar. Gero mai juriya da marar juriya duk suna iya ƙera su. Bambancin shi ne, mai juriya ya kan tara su da yawa, da sauri, cikin 'yan sa'o'i, a bangon da cutar ke neman shiga. Marar juriya kuwa ya kan makara, ya kawo kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan ita ce amsar tambayar da muka yi da fari game da shuka biyu a rami ɗaya. Ba sa'a ba ce kawai, hali ne da ke cikin ƙwayar iri, ana kuma gadonsa.

Akwai wani binciken da ya kamata kowane shugaban ƙungiya ya sani. A 1995 masana a Bangor ta ƙasar Birtaniya, tare da na ICRISAT, suka gwada zuriyar gero ɗaya da kuturtar da aka ɗebo daga Indiya, Senegal, Nijar da Nijeriya. Suka tarar cewa ƙwayar gadon da ta fi tare cutar Indiya dabam ce da wadda ta fi tare ta Senegal, dukansu kuma dabam ne da wadda ta fi tare ta Nijeriya da Nijar. Watau irin da ya yi suna a wata ƙasa yana iya zuwa nan ya faɗi. Da irin wannan sani ne Indiya ta gyara wani geronta da manoma ke ƙauna, ta sake fid da shi a 2005 da sunan HHB 67 wanda aka inganta, tun kafin cutar ta gama da na farin.

Abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce, mu da mu ke kukan tsadar taki, ina ruwanmu da zomo da madubin likita? Muna jin wannan kuka, namu ne mu ma. Tun zamanin Aikin Raya Noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 zuwa 1980, masara ta mamaye gonakinmu, domin a lokacin taki yana da araha. Yanzu da buhu ya fi ƙarfin mutane da yawa, muna ganin waɗansu suna komawa ga dawa da gero da maiwa, waɗanda ba su da cin taki kamar masara. To, mai komawa gero yana bukatar iri mai tsaron kansa. Juriyar da ke cikin iri ita kaɗai ce maganin da ba a sake biya kowace shekara.

Wani kuma zai ce, ai akwai maganin wanke iri, irin su Apron Star, me ya rage? Gaskiya ne yana aiki, muna kuma ba da shawara a yi amfani da shi bisa ga abin da aka rubuta a jikin ƙunshin. Amma 'yan makonnin fari kaɗai ya ke tsare shuka. Kasuwa kuma ba ta rasa jabu. Daɗin daɗawa, cuta ta kan saba da magani. Sinadarin da ke yaƙar kuturta a cikinsa ya fito ne a ƙarshen shekarun 1970, amma a 1980 aka riga aka ga wata 'yar'uwar kuturta mai kama dankalin Turawa ta daina jin sa a waɗansu ƙasashen Turai. Magani mataimaki ne, ba shi ne ginshiƙi ba.

Na uku zai ce, to, in haka ne mu sayi sabon irin da masana suka fid, mu huta da tsohon. Nan ne mu ke cewa a yi hattara. Ba mu ƙi sabon iri ba ko kaɗan. Samaru ta ba mu Ex-Bornu tun da daɗewa. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ke da alhakin gero a ƙasar nan, ta fid da SOSAT a shekarar 2000, daga baya ta ƙara da Super SOSAT da Jirani. Ire-ire ne masu kyau, masu saurin nuna. Amma abin da ya sa kuturta ba ta taɓa share mu kamar yadda ta yi wa Indiya ba shi ne, geronmu na gado gauraye ya ke. Gero iska ke yi masa barbara, saboda haka a dami ɗaya akwai halaye iri-iri. Cuta ta kama wannan, wancan ya gagare ta. Ran da kowace gona daga Malumfashi zuwa Ɗandume ta zama iri ɗaya, ran nan muka buɗe wa cuta hanya. Sabon irin gobe kuma, daga ina masana za su samo shi in ba daga tsohon yau ba? Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ya kamata kuma mu faɗi iyakar ilmin nan, don kada a yaudare mu da shi. Dogarin jini nuni kawai ya ke yi, ba ya warkar da shuka. Wani lokaci ma ya kan kama wanda ba shi aka aike shi ba, shi ya sa masani na kirki ya kan maimaita gwaji ta hanyoyi dabam-dabam. Daga ganin furotin a madubi zuwa buhun iri a hannun manomi kuwa, tafiya ce ta shekaru. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa tana sa wa shuka dogaran jini, ku riƙe kuɗinku.

Abin da mu ke roƙon ƙungiyoyi su yi

Na ɗaya, in za a sayi irin gero bana, a raba kuɗin. A sayi sabon iri daga wurin da aka amince da shi, mai alamar hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin buhu, amma a bar wani sashi na gonaki ga irin gida.

Na biyu, kowace ƙungiya ta keɓe 'yar gona ta gwaji a inda aka san kuturta ta saba fitowa. A shuka iri uku ko huɗu, kowane kunyoyinsa, rana ɗaya, aiki ɗaya. Bayan wata ɗaya a ƙirga shuka 100 a kowane, a rubuta nawa suka kamu. A sake ƙirgawa sa'ad da kai ya fito. Magatakarda ya ajiye lissafin a littafin ƙungiya. Gani ya kori ji, bayan damina biyu ko uku ba mai bukatar ya gaya mana wanda ya dace da ƙasarmu.

Na uku, a lokacin noman fari da cira, duk shukar da ta nuna alama a tumɓuke ta, a fitar da ita daga gona a ƙone ko a binne ta da zurfi. In an bar ta ta tsufa a wurin, ƙwan cutar mai kauri zai koma ƙasa ya jira baɗi. Gonar da cutar ta yi yawa a cikinta a huta mata da gero, a sa wake ko waken soya ko gyaɗa.

Na huɗu, a zaɓi iri tun yana tsaye a gona, kafin girbi, daga tsakiyar gona, daga shukar da duk 'ya'yanta lafiyayyu ne. A ɗebi kai da yawa daga shuke-shuke dabam-dabam, kada a tsaya kan 'yan kaɗan don girmansu. Iyayenmu mata da tsofaffi sun fi kowa sanin sunayen ire-iren da da halayensu, a tambaye su, a rubuta.

Na biyar, kada a ajiye irin gado a rumbu ɗaya. Dukanmu mun san abin da rashin zaman lafiya ya yi wa ƙauyuka a wajen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara a 'yan shekarun nan. Mutumin da ya gudu da dare ba ya ɗaukar damin iri, rumbun da aka ƙone kuma ya tafi da abin da ke cikinsa. Kowace ƙungiya ta ba 'yar'uwarta da ke wani gari tiya ɗaya ko biyu ta kowane iri amana, ita ma ta karɓi nata, a riƙa sabuntawa da shuka.

Na shida, mu buɗe baki. Samaru ba ta da nisa da mu, tun 1922 a ke binciken noma a can. In malamin gona ya zo, mu nuna masa littafin ƙirgarmu, mu ba shi samfurin irinmu da sunan ƙauyen da ya fito a rubuce, mu kuma riƙe kwafin takardar, domin in an sami alheri cikinsa a san inda ya fito. Wakilanmu a Katsina da Abuja kuwa mu gaya musu cewa kuɗin da a ke ba Samaru da Maiduguri don kayan bincike ba almubazzaranci ba ne. Kuturtar ƙasar nan a ƙasar nan ya kamata a gwada ta, gama mun ga cewa abin da ya tare ta Indiya ba lalle ya tare tamu ba. 'Ya'yanmu da ke karatun aikin gona suna iya wannan aiki in an ba su kayansa.

Manoman Habasha da na Togo ba su san abin da ke cikin rumbunansu ba sa'ad da baƙi suka zo ɗiba. Sun dai riƙe abin da suka gada, suna zaɓe suna shukawa kowace shekara. Mu yanzu mun san abin da su ba su sani ba, saboda haka ba mu da hujjar sakaci. Idan aka zo maganar iri a taronku na wannan wata, a karanta wa jama'a wannan takarda, a tambayi wanda har yanzu ke da geron kakansa ko maiwar kakarsa, a rubuta sunansa tun iri bai ƙare a tukunya ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da gonakinmu.